Yadda nake fitar da dauɗar da ta kafe a bututun bindigar farauta

Assalamu alaikum jama'a, yau muna istiraha, wato gidan hutawa, ta maigida a wajen Riyad, ta ɓangaren Sumama, kuma aikin wanke bindiga ne a gabanmu. Lokacin farauta a ƙasar nan yana buɗewa 1 ga Satumba ya rufe ƙarshen Janairu, lasisi kuma ta manhajar Fitri ake karɓa, to mutumin naku ya sha fita daji da abokansa sai yanzu da aka rufe ya tuna akwai wani abu wai shi wanki. Kafin wani ya fara rubuto min tambaya, bindigogin nasa ne, da takardunsu, ga shi can zaune yana shan gahawa. Nan ba ƙasar da baƙo zai ɗauki bindiga ya yi yawo da ita ba ce.

Wannan shozan ce, wato bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, mai baki biyu, lamba 12 a ma'aunin faɗin bututu. Na buɗe ta ta tsakiya, kun gani babu harsashi ko ɗaya, kwalin ma na kai shi wani ɗakin daban. Ƙanena, matso da wayar nan, haska tocila ta can ƙarshen. Kun ga waɗannan layuka masu duhu daga inda harsashi ke zama zuwa ɗan gaba? Mutane sai su ce ai hayaƙin albarushi ne, su yi ta tura tsumma har hannu ya gaji. Hayaƙin yana nan, amma shi ba ya gardama. Mai gardamar roba ce. A cikin yawancin harsasan shozan akwai wani ɗan kofin roba da ke riƙe ƙwayoyin dalma, duk harbi sai ya goga jikin bututu da zafi ya bar shafe, wani kan wani, hayaƙi ya hau, wata robar ta sake hawa. Na uku kuma dalmar ce kanta, ita toka-toka take tana ɗan ƙyalli.

A gida masu bindigar toka ruwan zafi suke ɗura mata kuma daidai suke, don ragowar albarushin gargajiya yana narkewa a ruwa, in an bar shi ya ja danshi ya haifi tsatsa. Amma ruwan zafi ba abin da zai yi wa wannan robar.

Na fara kwance ɗan ƙarfen bakin nan da ake cewa cok, wanda ke matse ƙwayoyin kada su watse da wuri, na jefa shi a gwangwanin magani. Maganin Hoppe's No. 9 ne, na Amurka, tun 1903 ake yin sa, wasu kuma Ballistol na Jamus suka fi so, ni dai don roba na fi yarda da na farkon. Sai in jiƙa tsumma sharkaf in tura ta baya, ta inda ake sa harsashi, har ko'ina ya jiƙe, sai in ajiye. Nan ne fa mutane ke faɗuwa wallahi, ba sa iya jira. Kamar ƙanzo ne a gindin tukunya, wanda ya jiƙa ya tafi ya dawo da cokali zai ɗebe, mai gaggawa kuma tukunyar zai karce. Minti 15 zuwa 20 ya isa in dauɗar ba ta yi nisa ba, irin wannan kuwa ta kwana ma ba laifi. Ɗayan bututun tun jiya na jiƙa shi, da shi za mu yi aiki.

Ga burushin tagulla na lamba 12, na naɗe shi da ɗan soson tagulla irin na wanke tukwane. Ku saurara da kyau a nan: da yawa cikin wanda ake sayarwa a baƙala, wato kantin unguwa, ƙarfe ne aka shafa masa launin tagulla, ku kai masa maganadisu, in ya kama ku mayar da shi kicin. Tagulla ta gaske ta fi ƙarfen bututu taushi, shi ya sa take kankare roba da dalma ba ta taɓa bututun. Wasu suna ɗaura sandar burushin a diril su juya a hankali, tunda cikin shozan sumul yake ba shi da zare irin na bindigar rafal, yana yi, amma a hankali na ce, kuma burushin ya riƙa tafiya gaba da baya kada ya tsaya wuri ɗaya.

Kai! Ku dubi abin da ya fito, baƙaƙen zare-zare, robar ke nan, waɗannan ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli kuma dalma. Maigida ma ya taso yana kallo yana cewa ya latif.

Abin da ba na so shi ne haɗin ruwan kal da haidirojin na wanke ciwo da ake yaɗawa a intanet wai yana cinye dalma. Yana cinyewa, amma ruwan da zai fito guba ne mai shiga ta fata, kuma yana ɓata baƙin fentin ƙarfen. Fetur ma a'a. Safar hannun nan da kuka gani ba ado ba ce, ƙofa a buɗe take, kuma in na gama sai na wanke hannu da sabulu kafin in taɓa dabino.

Yanzu busasshen tsumma, a yi ta canjawa har ya fito fari. Mai kuma kaɗan, shafe kawai. Wanda ke Jidda inda danshin teku ke cin ƙarfe zai iya ɗan ƙarawa, amma mu nan ƙura ce abokiyar gaba, mai da yawa ya haɗu da yashin Riyad ya zama taɓo. Zaren cok a shafa masa giris kafin a mayar, in ba haka ba wata rana ya kafe sai an kai wa maƙeri. A jingine ta baki ƙasa don kada mai ya gangara ya jiƙa katakon, kuma ranar da za a fita a sake goge cikin a leƙa, ko guntun tsumma aka manta a ciki yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi.

Ƙanena haska mu gani... to alhamdulillahi, tas. Saura ɗayan, shi sai gobe in Allah ya kai mu don yanzu na jiƙa shi. Miƙo min waccan ta cikin jakar, ita ce maigida ya ce cok ɗinta ya ƙi kwancewa.