Ƙarin Karatu Ko Ƙarin Takarda?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Sharhinmu na yau a kan ma'aikacin da ya yi nisa a aiki ne, wanda ya shafe shekara goma sha biyar ko ashirin yana abu ɗaya, har hannu ya saba, zuciya kuma ta fara gajiya. Idan ka ce wa irin wannan bawan Allah ya kamata ya sabunta iliminsa, sau da yawa amsar da za ka ji ita ce, "Ai ina neman gurbin karatu, saboda ƙarin girma ya kusa." Wato abin da ke gabansa takardar da za a saka a fayil. Ko aikin nasa zai gyaru bayan ya samo ta, wannan ba ya cikin lissafi.

Mu tuna abin da ya faru a Jihar Kaduna a shekarar 2017. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, sai 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin ɗari da aka gindaya. An yi ta ce-ce-ku-ce, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki, kuma har yau akwai masu ganin an yi wa malaman rashin adalci wajen korar. Ba wannan muhawarar za mu sake buɗewa ba. Abin lura shi ne, da takardun shaida aka ɗauki mutanen nan aiki. Takardun suna nan lafiya a akwati. Abin da aka karanta kafin a same su ne ya zube a hanya, don ba a waiwaye shi ba.

Ga kuma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta ɗaga lokacin ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 a bakin aiki. Malamai sun yi murna, kuma suna da hujja. Amma a duba ɗaya ɓangaren. Wanda ya kama alli yana ɗan shekara 25 zai iya kaiwa shekara arba'in a gaban allo. Shin abin da ya koya a kwalejin horon malamai yana saurayi shi zai riƙa jujjuyawa har ya koyar da jikokin ɗalibansa na farko? Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da malaminsa ke tsoron taɓa kwamfuta, wa zai shirya shi?

Ƙofofin karatu dai a buɗe suke. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, tana Kaduna tun 1976, kuma an kafa ta ne domin malami ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a jihohi. Matsalar tana wajen niyya, da kuma yadda muka mayar da bita. Kowa ya sani: a tara mutane a otal kwana uku, a raba jaka da biro, a sa hannu a takardar halarta, a karɓi alawus, a watse. Kuma fuskokin da ake turawa ba sa canzawa, 'yan gaban goshin oga ne. Wanda ke ainihin yin aikin yana can ofis yana riƙe da teburin waɗanda suka tafi.

Yanzu mu leƙa gareji, don a can darasin ya fi fitowa fili. Bakaniken da ya koyi aiki a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna shekara talatin da suka wuce, da kunne yake gane ciwon mota. A tayar da inji, ya saurara, ya ce kafireta ce. Motocin yanzu kuwa kwamfuta ce ke sarrafa su, sai an jona na'ura ta karanto inda matsalar take. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sai ga kuma aikin mayar da motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG. Babu mai tambayar bakanike takarda. Mai mota zai kawo sau ɗaya, in ba a gane ciwon ba ya wuce garejin gaba, shi ke nan. Shi ya sa za ka tarar da dattijo da furfurarsa ya zauna kusa da yaron shagonsa, yana cewa, "Kai, nuna mini yadda kake karanta abin nan." Bai ragu da komai ba, kuma masu kawo masa gyara ba su gudu ba. Takwaransa da ya ce shi ba zai koyi aiki a hannun yaron da ya raina ba, yana nan yana jiran tsofaffin Fijo, waɗanda kullum raguwa suke yi a titi.

Ma'aikacin gwamnati ba shi da wannan matsin, tunda albashi zai shigo ko ya iya ko bai iya ba. Sai dai ya matsa wa kansa. Ya zaɓi abu guda da ya san yana kauce masa a wurin aiki, ko rubuta rahoto ne, ko lissafi a kwamfuta, ko darasin da kullum yake tsallakewa a manhaja, ya nemi wanda ya fi shi iyawa, ko da ƙaninsa ne a aiki. Wayar da ke aljihunsa ma makaranta ce, in an rage hirar WhatsApp.

Su kuma shugabannin ma'aikatu da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, roƙonmu gare su bai da tsada. Duk wanda aka tura bita, idan ya dawo a tara abokan aikinsa ya koya musu abin da ya samo, kafin a sa hannu a tura shi wata. Kuma a riƙa juya sunayen, ta kai ga malamin ƙauye.

Masu sauraro, nan za mu dakata. A kasance lafiya.