Darasin kallon tsuntsaye daga kan dutsen Kagoro

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Ku yi haƙuri da muryata, a hankali nake magana don kar in kore su. Yanzu haka muna kan dutsen Kagoro ne kusa da Kafanchan, tsayinsa ya haura mita 1,200, tun bayan sallar asuba muka fara hawa, ƙafafuna sun faɗa min gaskiya wallahi.

To abin da nake so ku riƙe a darasin yau, tsuntsu da kunne ake fara ganinsa. Mutum ya zo da madubin hangen nesa yana ta waige-waige yana surutu, har rana ta take bai ga komai ba sai shirwa. Ka samu dutse ka zauna, rana a bayanka, in tana gabanka duk tsuntsu baƙi za ka gan shi, kalarsa ba za ta fito ba. Kar ka sa farar riga. Waya kuma a kashe mata ƙara.

Tsaya... kun ji wannan fiton da ke ta hawa sama? Kazar dutse ce. Ba ta yawo ita kaɗai, 'yan uku huɗu suke tafiya, kuma ta fi son gudu a tsakanin duwatsu a kan tashi sama, don haka ƙasa za ka duba. Ga ta can! Dubi yadda ta ɗaga wutsiya kamar 'yar kazar gida. In ka gan ta kar ka sauke ido ka nemi madubi, idonka na kanta za ka ɗago madubin ya same ka, nan ne 'yan koyo ke ɓatar da tsuntsu.

Can ƙasa cikin kurmi kuma cilakowa ce ke wucewa, ta kaɗa fiffike ta lula ta sake kaɗawa.

Maganar lokaci, in kallon gari kake so ka zo wajen Oktoba, ƙarshen damina, ko'ina kore shar, ruwan Matsirga ma, wanda ke gangarowa daga kan dutse kusa da Kafanchan, yana zuba da ƙarfi. Da hunturu hazo kan rufe kwarin, amma lokacin ne baƙin tsuntsaye daga Turai suke nan.

Kuma don Allah kar ka hau kai kaɗai, nemi ɗan gari ya raka ka, ka tambayi lafiyar hanya kafin ka baro Kaduna. Malam riƙe min kyamarar nan, naga wani abu ja ya sauka kan reshen can.