Ciwon 'Ya Mace Na 'Ya Mace Ne: A Kawo Gudummawa Tun Kafin Ranar Suna

Laccar da wata ungozomar asibiti ta gabatar a taron matan unguwa a Kano, an rubuto ta daga rikodin da aka ɗauka a wurin.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, yayyena, ƙannena, da 'ya'yana amare da na hango kun noƙe can baya, sannunku da zuwa. Ku matso gaba don Allah, rabin maganar yau taku ce.

Mu matan Hausawa ba wanda zai koya mana zumunci. Mace ta haihu da asuba, kafin la'asar gida ya cika da 'yan barka. Wannan ta kawo sabulu, waccan turmin atamfa, facala ta ɗora tukunyar ruwan wanka, maƙwabciya ta karɓi dakan yaji. Ranar suna kuwa ba a magana, ga anko, ga abinci har a kai wa na nesa. Duk alheri ne, ba na kushe shi. Amma ina wannan taron yake a cikin wata tara da suka wuce? Ina yake a daren da take kan gwiwa? Mu da muke kwana a ɗakin haihuwa mun sani, da yawa daga cikin matan da muke rasawa ba sa kaiwa ranar suna. Wajen naƙuda suke tafiya, ko a yini ɗaya ko biyu bayan sun sauka. Turmin atamfar da aka saya don barka, sai a zo da shi gidan da ake karɓar gaisuwa.

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 kuma ya ce a cikin duk matan da suka mutu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya, sama da kashi ɗaya bisa huɗu 'yan ƙasar nan ne. Kuma a nan Arewa abin ya fi tsanani. Abin da ke kashe mu sananne ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, da ƙarancin jini. Kowanne akwai maganinsa, wasu ma ba su da tsada. Tun 1994 masana suka bayyana cewa jinkiri uku ne ke shiga tsakanin mace da wannan magani. Jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin samun abin hawa da hanya, sai jinkirin da ake yi a cikin asibitin kansa. Na ukun nan namu ne mu ma'aikata da hukuma, kuma ku ci gaba da matsa mana a kai, haƙƙinku ne. Amma biyun farko a tsakar gida suke faruwa, a gaban mata.

Bari in tsaya a kan kunya, domin nan ne gizo yake saƙa. Yarinya ta samu cikin fari. Ba za ta faɗa wa uwarta ba, ba za ta faɗa wa uwar mijinta ba, sai dai a gane a laulayi. Ta kai wata biyar, shida, ba ta taka asibiti ba. Ranar da naƙuda ta tashi, sai ta shige ɗaki ta ja labule, ta kifa fuska a kan filo tana cizonsa don kada a ji nishinta. An leƙo an ce "Lafiya kuwa?" ta ce "Lafiya lau, Mama, kaina ne." Kuma mu manya mu ne muka koya mata haka, domin a gabanta muke yabon wance, wai jaruma ce, ta haihu ita kaɗai ba wanda ya ji motsinta sai kukan jariri. Iyayena, ku yi haƙuri da ni, wannan yabon ya jefa 'ya'yanmu da yawa cikin halaka.

Idan kan jariri ya tsaya a ƙugu ya ƙi wucewa, yana danne mafitsara a jikin ƙashi. Jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya huje. Yoyon fitsari kenan. Ku je cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a nan Kano, ko Babbar Ruga a Katsina, ku ga 'yan mata ƙanana da ke jiran a yi musu aiki. Mafi yawansu jaririn ma bai zo da rai ba. Naƙudar da ta wuce sa'o'i 12, wadda rana ta faɗi a kanta ta kuma fito ba a sauka ba, ba ta zaman gida ba ce, kuma yankan gishiri ba abin da zai ƙara mata sai rauni da zubar jini.

To, yarinyar da ba za ta iya buɗe baki ga surukarta ba, wa take faɗa wa? Ƙawarta. Sa'arta da suke ɗibar ruwa tare, ko wadda suke zama layi ɗaya a Islamiyya, ko facalarta da ta riga ta haihuwa da shekara ɗaya. A wurinta za ta ce "Ni fa tun jiya ban ji motsinsa ba," ko "Ina ganin ɗan jini-jini." Shi ya sa nake cewa ke da kika haihu sau ɗaya ko biyu, kina riƙe da abin da ni ba ni da shi duk da takardata. Ni sai ta zo asibiti nake ganinta. Ke kuwa kullum kuna tare.

An gwada wannan, ba zance ba ne kawai. A wata gunduma mai suna Makwanfur a ƙasar Nefal, an haɗa matan ƙauyuka ƙungiya-ƙungiya, suna zama duk wata suna tattauna matsalolin ciki da jarirai, su da kansu suke nemo mafita, har da asusun ko-ta-kwana. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna mutuwar jarirai sabbin haihuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A nan gida, a jihar Nasarawa, an gwada yin awo a ƙungiyance, masu ciki da watanninsu suka zo ɗaya su riƙa zuwa tare, su zauna su yi hira da ungozoma. Aka ga sun fi dawowa awo, sun kuma fi haihuwa a asibiti. Maƙwabtanmu na Maraɗi kuwa tun 1991 suka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, asusun da mata ke zubawa suna ranta wa junansu, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Tushensa adashin da muka sani ne.

Saboda haka ga roƙona. Wace ce a nan ba ta cikin adashi? Uwar adashi, ki ware wani ɗan kaso, ko naira ɗari-ɗari ne, a ce wannan na mai ciki ne, ba a taɓa shi sai daren naƙuda. A samu mai adaidaita sahu ko mai mota a unguwa wanda aka yi magana da shi tun da wuri, lambarsa tana wayar mata uku ko huɗu. Mai ciki ta nemi izinin maigida tun cikin yana wata bakwai, a gaban uwarsa, cewa ko ba ya gari a wuce da ita. Sau da yawa mace tana zubar da jini, gida cike da mutane, ana ta neman layin miji yana kasuwar ƙauye. Kuma a san mutum biyu cikin dangi da za su ba da jini idan an buƙata.

Awo kuma ku riƙa jan juna. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8, a fara tun watanni ukun farko. Can ne ake auna hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini, a yi allurar tsinkau-tsinkau, a ba da Fansidar bayan ciki ya wuce wata uku don kare uwa da ɗa daga zazzaɓin cizon sauro. Idan ƙawarki ta ce ba mai riƙe mata yara, ki riƙe. Idan kin shiga ɗakinta kin ga fuskarta ta kumbura, zoben hannunta ya ƙi fita, tana ƙorafin ciwon kai mai tsanani ko tana ganin dishi-dishi, kada ki ce mata ƙibar ciki ce. Ɗauko mayafinta ku tafi. Jijjiga ce ke sallama. Idan kuma har ta faɗi tana jijjiga, ba iska ba ce. Kada a tura mata cokali a baki, kada a ɗura mata rubutu, za ta shaƙe. A kwantar da ita ta ɓarin hagu, a nufi asibiti ana addu'a a hanya. Akwai allura, maganiziyam salfet, da ke tsayar da ita. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i 2. Kin ga zani ya jiƙe sharkaf, an canza wani ya jiƙe, ba a jiran gari ya waye.

Sai dai taimako yana da iyaka, kuma ina so a ji ni da kyau. Abin da ya yi miki aiki ba lalle ya yi wa 'yar'uwarki ba. Maganin zaƙi da ake miƙa wa juna, jiƙe-jiƙen da ake turowa a WhatsApp, da mai kemis da ake kira gida ya yi allurar ƙarin naƙuda, mun ga mahaifar da ta fashe saboda su. Aikinki ki lura, ki raka, ki tsaya a kai har a duba ta. Rubuta magani ki bar wa wanda ya auna ta.

Mu zo kan jego. Allah ya ce uwa ta ɗauki ɗa cikin rauni a kan rauni, yana nan a Suratu Luƙman. Kwana arba'in ɗin da iyayenmu suka ware don a huce wa mai jego aiki hikima ce babba, kada mu yar da ita. Abin dubawa shi ne zafin ruwan wanka da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da tafasasshen wanka da kanwa mai yawa. Binciken da aka yi daga baya a nan Kano ya nuna akwai hannun rashin abinci mai gina jiki a ciki. Ko ma dai yaya, kanwa gishiri ce, tana tayar da jini. Ku sirka ruwan, ku rage kanwar, mai hawan jini ma kada ta sha. A ba ta wake, zogale, ƙwai, hanta, da ƙaurinta. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ƙafa ta kumbura, tana tari cikin dare, asibiti za a kai ta.

Dakashi kuma, wancan ruwan nono na farko mai kauri rawaya, kada a matse a zubar. Rigakafin jariri na farko kenan, a sa shi a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Wata 6 nono zalla, ba ruwa, ko a watan Afrilu ne, domin mafi yawan nonon ruwa ne. Uwa ce za ta sha ruwan. Nan ne amarya ta fi buƙatar ki. Za ki tarar da ita ta sunkuya, kan nono ya tsattsage, jariri yana tsala kuka, wata tana cewa ai nononta ba shi da kyau. Zauna kusa da ita. Sa mata filo a baya. Juyo cikin jaririn ya manne da nata, ki jira ya wangale baki, sannan a kai shi, ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa tana taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje. Za ku ji yana haɗiya, ita kuma zafin ya ragu. Wannan ɗan zaman yana iya hana ta yanke ƙauna ta koma madarar gwangwani.

Cibiya ba a gasa ta da tsumma, ba a sa mata man goge baki ko toka. Akwai man kuloheksidin, shi ake shafawa, amma kada ya kusanci ido. Bakwaini a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata a ɗaure da zani, idan ta gaji kaka ko inna ta karɓa. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko idonsa ya yi rawaya, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ba wanzami za a kira ba.

Akwai kuma wadda ta sauka lafiya, ɗa lafiya, amma kullum tana kuka, ba ta barci ko jariri ya yi, ba ta son ɗaukarsa, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce. Sai mu ce mata ta gode wa Allah, wasu nema suke. Ta san da haka, shi ya sa ma take ɓoyewa. Ciwon damuwa ne bayan haihuwa, yana kama mata da yawa, kuma ana warkewa. Karɓi jaririn ta samu barci. Ki saurare ta ba tare da wa'azi ba, kuma kada maganarta ta fita daga bakinki zuwa gidan biki. In ya wuce mako biyu, ko ta ambaci cutar da kanta ko ɗan, ki raka ta wurin likita a ranar. Haka wadda ta yi ɓari ko ɗan bai zo da rai ba. Ita ma jego take, jikinta yana buƙatar kulawa iri ɗaya, amma sau da yawa kwana uku ake yi a watse a bar ta da nono cike.

Na ga lokacin salla ya gabato. Masu juna biyu kada ku tafi, na zo da abin awon jini, za mu zauna a ɗakin nan na gefe in auna kowa. Wadda ba ta da katin awo ta faɗa min, kuma kowacce ta shigo da mace ɗaya da ta yarda da ita, domin a gabanta zan yi bayanin abin da na gani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.