Kalma da Abokan Tafiyarta: Lacca ga Malaman Harshe a Katsina

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Abu uku zan kawo, yadda masanin koyar da harshe Paul Nation ya raba sanin kalma gida uku: siffarta, ma'anarta, da yadda ake aiki da ita. Siffa dai furuci ne da rubutu. Rubuta "gari" a allo, ba a san ko Katsina kake nufi ko na tuwo ba sai an ji tsawon wasali da karin sauti. Mu wuce.

Na biyu... a'a, bari in tsallaka na uku, nan ne gizo ke saƙar. Kalma ba ta tafiya ita kaɗai. Ɗauki "sha". Baƙo ya haddace a ƙamus cewa ruwa ake sha. Ya je Daura aka dama masa fura, ya sha, daidai. Sai ya ji wane ya sha wahala, ya sha kashi, ya fita shan iska, yana shan rake. Rake fa, jama'a! Tauna shi ake yi, amma sha muke cewa. Haka "ci": ci bashi, ci amana, ci jarrabawa. Ka ce "ya sha amana" ka ga dariya. (Dariya.) To ga shi kun yi.

Irin wannan tarkon yaranmu ke faɗawa a Turanci. Mu muna shan magani, Bature ɗauka yake. Muna shan mangwaro, shi ci yake. Saboda haka, malamai, ku daina ba yara jerin kalma da fassara tsurarta. Kowace kalma a rubuta ta da abokan tafiyarta biyu ko uku, a waiwaye ta gobe, bayan mako, sannan bayan wata. Kuma gane kalma a takarda daban, fito da ita a baki daban, kullum kalmomin da ake ganewa sun fi yawa.

Na'am, Malama? Kalma nawa ke isar mai koyo?

Binciken Nation na 2006 ya nuna sai da dangin kalma 8,000 zuwa 9,000 ake karanta jaridar Turanci ba ƙamus, wato ka san 98 cikin kowace kalma 100. Sauraren hira kuwa, 6,000 zuwa 7,000. Dangi fa na ce. Karanta, karatu, makaranta, makaranci, duk ɗaya ake ƙirga su. Ma'anar da na tsallake kuma, an kira la'asar, sai mun dawo.