Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Taron Tunawa da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti

Mai girma Kwamishinan Lafiya, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙaramar hukuma, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, ma'aikatan lafiya, da iyayenmu mata da suka cika wannan rumfa tun hantsi da goyonsu a baya, assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

A madadin kwamitin da ke kula da wannan asibiti da ɗaukacin jama'ar gundumarmu, ina yi wa mai girma Kwamishina da 'yan tawagarsa barka da zuwa, da kuma sannu da hanya. Mun san ɓarnar da ruwan farkon damina ya yi wa hanyarmu, mun kuma ga jar lakar da ke jikin motocinku, saboda haka ba mu ɗauki wannan zuwa da wasa ba.

Ranka ya daɗe, ziyararka ta zo daidai da watan Yuni, watan da Nijeriya ta rasa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya rasu a Landan ranar 1 ga Yuni, 2003, yana da shekara 75. Mai tambaya zai iya cewa me ya haɗa mutanen karkarar Hausa da Bayarabe ɗan gidan Abeokuta, har za a shimfiɗa tabarmi a tara jama'a domin tunawa da shi. Amsar tana nan a bayana: wannan ɗan asibitin da kake gani, da katin awon da ke hannun kowace uwa a nan, da irin horon da ni da abokan aikina muka samu, duk ribar ra'ayin da ya tsaya a kansa ce, wato a kai lafiya inda talaka yake, maimakon a jira talaka ya sayar da akuya ya nemi mota zuwa birni.

An haife shi ranar 30 ga Disamba, 1927, a gidan ilmi da gwagwarmaya. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin coci ne kuma shugaban makaranta, shi ne ma shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ce ta jagoranci matan Abeokuta wajen ƙin harajin da aka ɗora musu. Ya karanci aikin likita a birnin Dublin na ƙasar Ayalan, ya dawo gida ya ƙware a kan cututtukan yara, ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas har ya kai matsayin farfesa. A can ne ya lura da abin da kowane likitan yara a ƙasar nan ya sani: yawancin yaran da ake kawowa rai a hannun Allah, abin da ya kwantar da su bai wuce gudawa, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da tamowa ba, cututtukan da ake iya tare su tun daga gida da kuɗi ƙalilan.

Da Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi Ministan Lafiya a 1985, muƙamin da ya riƙe har 1992, sai ya ɗauki alƙawarin samar da lafiya ga kowa da ƙasashen duniya suka yi a taron birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet a 1978 ya mayar da shi aiki. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin gwada tsarin kula da lafiya a matakin farko, a 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa, a 1992 kuma aka kafa hukumar tarayya da ke kula da wannan mataki har yau.

Amma ranka ya daɗe, ka yi mini izini in faɗi yadda abin ya kasance a idon wanda ya yi aikin a ƙauye, domin ni a wancan zamanin ne na fara aiki ina saurayi. Kafin rigakafi ya yaɗu, bazara lokacin fargaba ce. Idan ƙyanda ta shiga unguwa, sai ta bi gida gida, a kulle yaro a ɗaki, a hana shi wanka, wani ya tashi da makanta, wani a kai shi makwanci. Sai ga mu a kan babur tun da asuba, da akwatin sanyi ɗaure a baya cike da ƙanƙara, muna tsere da rana domin kada allurar ta lalace kafin mu isa ƙofar gidan mai unguwa. Mukan rataya ma'auni a reshen darbejiya, mu saka jariri a ɗan wando mu auna, yana tsala kuka, uwarsa tana leƙen katin tana tambayar ko layin ya hau ko ya sauka. Cututtuka shida muke yaƙa a lokacin: tarin fuka, shan-inna, ƙyanda, tarin shiƙa, mashaƙo da sarƙe-haƙora. Magidanta da dama da ke zaune a nan, idan suka naɗe hannun riga, za a ga ɗan tabon allurar a dantsensu na hagu.

Ba na manta wata dattijuwa da ta kawo jikanta da dare, gudawa ta tsotse shi, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa. Ta zo neman allura, domin a ganinta magani in ba allura ba ne, wasa ne. Na sa aka tafasa ruwa aka huce, na auna shi da kwalbar lemo biyu kamar yadda aka koya mana, na zuba gishiri da sukari, na ce ta riƙa ba shi da cokali kaɗan kaɗan. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, abin da ke madafata shi za ka ba ni?" Kafin kiran assalatu yaron ya nemi nono. Ita ce daga baya ta riƙa koya wa matan unguwarsu haɗin, har ta fi ni iya bayani. Wannan shi ne irin malantar Farfesa: ilmin da ya fito daga ɗakin karatun jami'a ya sauka har hannun ungozoma da kaka.

Ba duk abin da ya zo a zamaninsa ne ya samu karɓuwa a wurinmu ba. Manufar yawan jama'a ta 1988, wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ta sha suka a nan Arewa, kuma har yanzu akwai masu ƙorafi a kanta. Duk da haka, ko masu sukarsa sun shaida mutum ne da ba ya ɓoye gaskiya don gudun kunya. A zamanin ministancinsa aka fito fili aka sanar da ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986. A watan Agusta na 1997 kuma, da ƙanensa, mawaƙi Fela, ya rasu, shi ne ya tsaya gaban 'yan jarida a matsayin babban ɗa namiji na gidansu ya faɗi cewa ƙanjamau ce ta yi ajalinsa. Duk wanda ya san nauyin rufin asirin dangi a wurinmu ya san abin da wannan magana ta ci masa. Ya yi zaman aure na kimanin shekara hamsin, ya bar 'ya'ya uku, ya kuma sauka daga kujerar gwamnati da sunansa a wanke. Allah ya albarkaci zuri'ar da ya bari.

Ranka ya daɗe, baƙo ba ya zuwa a ɓoye masa halin gida. Firijin da muke ajiye allurar rigakafi yana aiki da hasken rana, amma batirinsa ya gaji, sau da yawa sai mun kwashe allurar mun kai hedikwatar ƙaramar hukuma ta kwana. Ungozoma ɗaya tak muke da ita mai takardar shaida, ita ce da rana, ita ce da dare. Abincin nan na gyaɗa da ake bai wa yara masu tamowa ya yanke mana, ga shi kuma mun shiga watannin da rumbu ke yin ƙasa. Rufin ɗakin haihuwa yana yoyo a kusurwar gabas, daidai kan gado na biyu. Waɗannan huɗu su ne kokenmu, mun kuma rubuta su a takarda wadda sakataren kwamiti zai miƙa maka.

Muna roƙon Allah ya yi maka jagora, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Yanzu, da izinin mai girma Hakimi, muna gayyatarka ka shiga ciki ka gane wa idonka, za mu fara da ɗakin awo, inda iyaye mata ke jiran ka ɗiga wa jariri na farko maganin shan-inna da hannunka.

Wassalamu alaikum warahmatullah.