Yini Ɗaya a Birnin Fas: Jami'ar da Ke Tsakiyar Kasuwa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa malamai da ɗalibai, an nemi in yi bayani a kan yinin da na yi a Fas ta ƙasar Maroko, kuma zan tsaya ne a kan abin da ya fi tsaya mini a rai, wato yadda ilimi ya zauna a cikin jama'a ba tare da an kewaye shi da katanga ba.

Da hantsi na shiga tsohon gari ta ƙofar Bab Bujulud, wadda aka gina a 1913, shuɗiya daga waje, koriya daga ciki. Daga nan mota ba ta da hanya, sai ƙafa, sai alfadarai masu ɗauke da kaya, masu korarsu suna ta kiran "balak" domin a kauce. Haka mutum zai yi ta gangarawa cikin lunguna har ya iske kansa a ƙofar Alƙarawiyyin, tsohon masallacin da ya zama jami'a, bai ankara ba, domin shaguna sun manne mata ta kowane gefe. An ruwaito cewa Fatima al-Fihri, wadda iyayenta suka taso daga Ƙairawan ta Tunisiya, ita ce ta kafa masallacin a 859 da dukiyar gadonta, kuma a cikinsa karatu ya bunƙasa, malami ya jingina da ginshiƙi, almajirai sun kewaye shi, kamar dai karatun zaure da muka sani. Sai a 1963 aka shigar da Alƙarawiyyin tsarin jami'o'in gwamnati.

Inda na fi daɗewa shi ne makarantar Attarin, wadda Sarki Abu Sa'id Usman ya kammala a 1325 a bakin kasuwar masu turare da kayan yaji. Tsakar gidan an ƙawata ta da sassaƙen katako da rubutun ayoyi, amma da na hau bene sai na tarar da ɗakunan ɗalibai ƙanana ƙwarai, da ƙyar tabarma biyu za su shiga. Wannan ya taɓa ni, domin sarki ya kashe dukiya ne saboda baƙon ɗalibi ya sami wurin kwana.

Bayan azahar na leƙa majemar Shuwara, inda ake miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya tare hanci saboda wari. A can na tuna cewa jar fatar akuyar Sakkwato da Kano a da ta ƙasar Maroko take bi zuwa Turai, har aka riƙa kiranta fatar Maroko.

Da la'asar na isa zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, na kuwa ji ana gaisawa da Hausa a bakin ƙofa tun kafin in cire takalmi.