Flas ɗin shayi da sirinji biyar: yau ina Antwerp

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam nake gaishe ku, ku yi haƙuri da ƙarar iska. Ginin nan da ke bayana cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ce, kuma saboda mutum ɗaya na tako har nan, Dokta Peter Piot, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano ƙwayar cutar Ebola.

A 1976, yana ɗan shekara 27, aka kawo wa ɗakin gwajinsu wani shuɗin flas daga Kinshasa, irin wanda muke zuba shayi. Ko da suka buɗe, ƙanƙarar ciki ta narke, kwalba ɗaya ta fashe, jinin wata ma'aikaciyar mishan ya gauraye da ruwan. Ba su san Ebola suke taɓawa ba, don a lokacin ko suna ba ta da shi.

Aikin da ya yi a Yambuku, ƙauyen da cutar ta ɓarke a arewacin Kwango, shi ya fi tsaya mini a rai. Shi da abokan aikinsa ƙauye-ƙauye suka bi suna tambaya: wa ya fara kwanciya, ina ya je, wa ya yi jinyarsa? Sai suka lura 'yan mata da masu juna biyu sun yi yawa cikin mamatan. Ashe asibitin mishan sirinji biyar yake fitarwa da safe, da su ake yi wa kowa allura har yamma, har da masu zuwa awo. Ga kuma wankan gawa da hannu. Mutum 318 suka kamu, 280 suka rasu. Wallahi ranar da na karanta wannan sai da na tuna mai allurar unguwarmu, da gwangwanin da yake ɗauraye allurarsa kafin ya tsira mana. Allah ne ya kiyaye mu.

Daga baya ya koma kan ƙanjamau, ya zama shugaban farko na UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar, har zuwa 2008. A 2020 kuma korona ta kwantar da shi kansa a asibiti a Landan.

Amma a ba kowa haƙƙinsa. Kafin Piot ya isa Yambuku, Dokta Jean-Jacques Muyembe ɗan Kwango ya riga shi, ya ɗebi jinin marasa lafiya ba ko safar hannu. Labarinsa zan kawo muku ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Bari in shiga ciki, ruwa ya fara yayyafi.